Inda Fontenot Yake Tsayawa

Makon hutu ya zo wa ƙungiyar, ta ƙwallon nan da ake jefawa da hannu ko a ruga da shi ana sanye da hular kwano, a tsakiyar Nuwamba, bayan an doke su sau huɗu a jere. An sallami 'yan wasa su je su ga iyalansu, ban da masu jinyar rauni. Kociyoyi kuwa babu wanda ya sallame su. Al'adar makon ita ce ƙungiya ta juyo ta binciki kanta: masu horar da 'yan hari su zauna su kalli 'yan tsaron gidansu da idon abokan gaba, su faɗi ta inda za su fasa su da a ce da su za a kara ranar Lahadi.

Lamont Pettiford, shugaban kociyoyin tsaro, bai taɓa son wannan al'ada ba. Shekarunsa sittin da ɗaya, fiye da rabinsu a ɗakuna masu duhu irin wannan ya yi su, yana kallon majigi. Ya shigo da safiyar Talata da kofin gahawa a hannu, ya zauna a kujerar baya, ya miƙe ƙafar da take damunsa in an yi sanyi.

Babban koci, Dale Hruska, bai tsaya gaisuwa ba.

"Mai ƙungiya ya kira ni jiya," in ji shi. "Tambayarsa ɗaya ce, ita ce kuma 'yan jarida suke yi mini: tsarin ne ya mutu, ko mutanen ne suka gaza? Kafin a tashi aiki yau nake son amsa, Lamont."

Tsarin da ake magana a kai na Pettiford ne, da sunansa ma ake kiransa a sauran ƙungiyoyi. Mutum biyu suna tsayawa can baya, kowa ya ɗauki rabin fili, a bar wawakeken giɓi a tsakaninsu. Duk majefin abokan gaba, wato mai jefa musu ƙwallo, da ya hango giɓin zai ce nan zai aika ƙwallo. Amma da zarar an saki ƙwallon an fara wasa, mai tsaron tsakiya, wanda yake tsaye kusa da layin da ɓangarorin biyu suke fuskantar juna kamar ba ruwansa, sai ya juya ya sheƙa baya ya cike wurin. Majefi ya jefa cikin ƙofar da ya gani a buɗe, ya tarar da mutum a ciki.

Shekara tara mutumin nan ɗaya ne: Marquise Fontenot, kyaftin, mai koren ɗigo a ƙeyar hular kwanonsa. Ɗigon yana nufin shi kaɗai ne cikin 'yan tsaro sha ɗaya yake da rediyo a kunne. Pettiford ya faɗa masa abin da za a yi daga gefen fili, shi kuma ya jera saura.

Brody Tillotson, shugaban kociyoyin hari, ya miƙe da rimot a hannu. Bai kai arba'in ba, kuma cingam ba ya barin bakinsa.

"Dattijo, ka yi mini alkawari ba za ka jefe ni da kofin nan ba."

"Gahawar ta fi ka daraja. Kunna mu gani."

Tillotson ya kunna, amma kafin kowa ya motsa a cikin hoton sai ya tsayar. 'Yan wasa ashirin da biyu suka daskare a kan allo, masu layi a sunkuye, ƙwallo har yanzu a ƙasa.

"Me ka tsayar?" Pettiford ya tambaya. "Ai ba a fara ba."

"Ku ne ba ku fara ba. Mu a nan kasuwarmu take ci."

Ya raba allon biyu. A hagu wasan bara, a dama na bana, umarni iri ɗaya, wuri iri ɗaya a fili. Ya ɗora jan haske a kan ƙafafun Fontenot a hoton hagu, sannan a na dama. A na bana mutumin ya ja baya da taku guda cikakke, wataƙila har da ɗoriya.

"Idan zai gudu baya ya cike giɓi, a nan yake tsayawa," Tillotson ya ce. "Idan ba zai gudu ba, yana tsayawa daidai inda ka zana masa. Na bi wasannin bana kaf, ban ga inda ya saɓa ba. Yanzu ka kalli majefinsu."

Ya saki hoton. Majefin abokan gaba ya ɗago kai, ya dubi tsakiya, ya dafa hularsa, ya yi wa mutanensa ihu. Ya fasa jifa ke nan. Aka saki ƙwallo, ya miƙa wa mai gudu, ƙatti biyu suka haɗu a kan Odom, matashin da ke tsakiyar layin tsaro, suka ture shi gefe. Mai gudu ya ratsa ta nan. Fontenot ya taso daga inda ya ja baya, ya rungume shi ya kayar.

Tillotson ya nuna wani, ya ƙara wani, daga wasanni daban-daban, da majefa daban-daban. Kowannensu sai ya ɗago kai ya dubi wuri ɗaya. Idan Fontenot yana baya, su ratsa da gudu. Idan yana kusa, sun san giɓin ba shi da mai shi, su jefa.

"Fontenot ne ya fi kowa maki a ɗakina," Pettiford ya ce. "Shi ya fi kowa kayar da mai ƙwallo a ƙungiyar nan."

"Yana kayarwa, ban musa ba. Bayan an ci yadi bakwai. Ni da za a riƙa ba ni yadi bakwai kullum, har kwandon lemo zan aika masa ranar Kirsimeti."

Wani ya yi dariya a gaba, ya haɗiye ta da sauri.

Kowace Litinin Pettiford yakan zauna da mataimakansa su bi wasa ɗaya bayan ɗaya, su ba kowane ɗan wasa alama: ya yi aikin da aka ba shi, ko bai yi ba. Tambayar ke nan, babu wata. Fontenot kuwa yana yin aikinsa. In aka jefa yana cikin giɓi, in aka gudu shi ke kayarwa. Kuma Pettiford ba ya ɓata lokaci a kan abin da ke faruwa kafin a saki ƙwallo. Shi ya ba da umarnin, ya san inda kowa yake tsaye, don haka yatsansa ya saba tura hoton gaba zuwa inda motsi ya fara. Haka ya yi shekara talatin, haka ya koya wa mataimakansa.

Alamun kuskure duk a kan Odom suka taru. Makonni biyu da suka wuce, a gaban kowa, Pettiford ya ce masa ƙofar kanti ma ta fi shi tare mutane. Ya ajiye shi a benci, ya sa wani. Aka ci gaba da ratsa su ta wuri ɗaya.

Hruska ya sallami saura, ya kunna fitila, ya ja kujera kusa.

"Hanya biyu nake gani," ya ce. "Ko ka cire shi ka sa Tupola, yaron yana da ƙafa. Ko ka bar shi kusa da layi inda gwiwarsa za ta iya, ka turo ɗaya daga na baya ya zauna a tsakiya, ku yi tsaron da kowa yake yi."

"Tsaron masu tsoro."

"Na san sunan da ka sa masa. Ka faɗa a jarida ma, sau da yawa." Hruska ya murza idanunsa. "Ba zan zaɓar maka ba. Amma kada in ɓoye maka: in ka ajiye tsarin, mai ƙungiya zai tambaye ni me muke yi da kai, tunda ko yaron Tillotson zai iya zana wancan. Da yamma ka zo ka gaya mini wa zai sa ɗigon."

Pettiford ya koma ofishinsa ya buɗe hotunan atisaye. Malakai Tupola, shekara ashirin da uku, yana isa giɓin har ya tsaya ya jira ƙwallo. Wannan ba abin tambaya ba ne. Amma a hoto na gaba ya jera layin a karkace, ya bar gefe guda babu kowa. A wani kuma ya tsaya yana dafe da kunne yana jiran a maimaita masa umarni, abokan atisaye har sun saki ƙwallo. Fontenot yakan san abin da Pettiford zai faɗa kafin ya gama buɗe baki. Shi ma sai da ya yi shekara biyu yana irin wannan shirme kafin ya san haka, a lokacin da ƙungiyar take da haƙurin jira.

Ya kashe allon ya sauka ƙasa.

A ɗakin jinya ya sami Fontenot, zaune cikin bahon ruwan ƙanƙara har ƙugu, tawul a wuya, waya a hannu. Gwiwar hagu ta kumbura ta fi ta dama, da tabon yanka biyu a kanta. Shekarunsa talatin da uku. Yaran ƙungiyar Kaka suke kiransa.

"Koci! Ka zo wanka? Akwai wuri, amma zuciyarka ba za ta ɗauka ba."

"Ba ka tafi gida ba."

"Uwata ta ce in zo, ta dafa jatan lande da shinkafa. Likita ya ce gwiwa ba ta son jirgi. Ka ga wanda ya fi ƙarfi a cikinsu." Ya ajiye wayar, ya dubi fuskar Pettiford da kyau. "Yau ne su Tillotson suka kalle mu, ko?"

"Yau ne."

"To ya gani ke nan."

Pettiford ya jawo wata 'yar kujera mai taya ya zauna. Mai tausa da ke gefe ya tattara kayansa ya fice ba tare da an ce masa ba.

"Tun yaushe?"

"Wasan farko. Ka tuna dogon nan mai lamba tamanin da wani abu, da ya wuce ni ya ci mu? A inda ka zana mini na tsaya. Na juya, na ba ƙafa umarni, ta ce mini sai dai gobe. Ina kallon bayan rigarsa har ya shiga." Ya ɗebo ƙanƙara ya ɗora a gwiwa. "Mako na gaba na ja baya kaɗan. Na isa. Ka ba ni alama mai kyau. Na ce to, shi ke nan."

"Ka san suna karanta ka?"

"Koci, ina kallon idon majefi kafin a saki ƙwallo. Aikina ke nan. Ina gani yana duban takalmina kamar zai saya."

"Kuma ba ka zo ka faɗa mini ba."

"In ce maka me? Koci, ƙafata ta ƙare? Ka taɓa jin wanda ya shigo ofishinka ya faɗi haka da bakinsa? Kullum ina cewa Litinin ɗin nan zai gani, zai kira ni. Sai ka tashi a gaban yara ka ce kowa ya yi koyi da Fontenot." Ya yi wata gajeriyar dariya. "Ranar nan har kunya ta hana ni cin abincin rana."

"Odom fa?"

Fontenot ya dubi ruwan.

"Na kai shi cin nama ranar da ka ajiye shi. Ya ci, ya yi mini godiya. Cewa ya yi in koya masa yadda nake yi ban taɓa kuskure ba."

Injin ƙanƙara da ke kusurwa ya zubo wata, ya yi shiru.

"Idan na ce ka koma inda na zana," Pettiford ya ce, "ka tsaya a nan kowane lokaci, su kasa ganewa?"

"Za su kasa ganewa har sau ɗaya. Sai su jefa, su ga ban isa ba. Daga nan ba sa ma buƙatar kallon ƙafata."

"Idan kuma na ce ka ja baya ko da ba za ka gudu ba, mu ruɗe su?"

"Sai su yi ta ratsa mu da gudu har dare, ka kuma zagi wani yaron." Ya girgiza kai. "Na juya shi ta kowace fuska, Koci, ina kwance ina tsaye. Zanenka lafiyarsa lau. Mutum yake so mai kaina da ƙafar Tupola. Ka taɓa samunsa, ka more shi shekara takwas."

"Hruska ya ce zan iya barin ka kusa da layi. In sauya tsarin."

Fontenot ya ɗaga gira.

"Kai? Tsaron masu tsoro? Ai sai an kira motar asibiti ta tsaya a gefen fili." Murmushinsa ya ragu. "Zan iya wannan, ka sani. Kusa da layi zan iya shekara ɗaya, wataƙila biyu. Ba roƙonka nake ba. Ka tambaya ne na faɗa."

"Na ji."

"Miƙo mini tawul ɗin can. Ƙafafun nan sun daina gaisawa da ni."

Pettiford ya miƙa masa, ya fita.

Bai ci abincin rana ba. Ya tsaya gaban farin allon ofishinsa ya zana tsaron da kowa yake yi: mutum ɗaya a tsakiyar baya, Fontenot kusa da layi. Zanen bai ɗauke shi komai ba, ko ɗan sakandare zai iya. Ya lissafa abin da zai bayar: za a daina ratsa su ta tsakiya, za a koma cin su ta gefe, inda yaransa biyu ba su saba tsayawa su kaɗai ba. Ba za su zama na ƙarshe ba, ba kuma za su tsorata kowa ba. Ya goge, ya zana nasa, ya rubuta lambar Tupola a tsakiya. Da wannan za a ci su a kan shirmen yaro har ƙarshen kaka, a baɗi kuma wataƙila yaron ya waye. Ya san akwai wani lissafi na uku a ƙarƙashin waɗannan biyun, wanda Hruska ya faɗa masa da safe. Ya yi ƙoƙarin auna biyun farko kamar na ukun ba ya nan, bai kuma tabbata ya iya ba.

Da la'asar ya ƙwanƙwasa ƙofar Hruska. Ya same shi yana cin burodi da nama a kan takardun tebur.

"Tupola," Pettiford ya ce daga tsaye.

Hruska ya gama taunawa.

"To in ce wa mai ƙungiya tsarin lafiya lau, mutum ne ya tsufa?"

"Ka ce masa haka."

"Gaskiya ce?"

"Rabinta. Ɗaya rabin ba zai gane ba." Pettiford ya dafa ƙofar. "Odom zai koma wurinsa. Ni zan kira shi. Kuma daga yau mataimakana za su fara kallon hoto tun kafin a saki ƙwallo."

"Kana so in gaya wa Fontenot?"

"A'a. Nawa ne."

Bai same shi a ɗakin jinya ba, ba ya kuma wurin cin abinci. A ɗakin kayan wasa ya gan shi, jingine da kanta, hular kwanonsa a gabansa. Mai kula da kaya ya riga ya kwance soson ciki, yana zaro 'yar lasifikar da wayarta.

"Wa ya gaya maka?" Pettiford ya tambaya.

"Babu wanda ya gaya mini. Da za ka bar ni, da tun a bakin baho ka faɗa." Fontenot ya karɓi hular, ya jijjiga ta kusa da kunnensa. "Ka ji? Shiru. Shekara tara kana mini ihu a cikin kwanyata, har a mafarki. Matata za ta aiko maka da godiya."

"Marquise."

"Bari, Koci. Da ni ne kai, ban san abin da zan yi ba, don haka kada ka tambaye ni ko ka yi daidai." Ya juya hular, ya sa farce ƙarƙashin koren ɗigon ya ɓamɓaro shi. Wurin da ya bari ya fi sauran hular sheƙi. "Tupola yana dawowa Alhamis. Ka turo mini shi kafin ka cika masa kai da zane. Ba ya jin umarni in ana ihu a filin wasa, sai an koya masa ya riƙa kallon bakinka."

"Za ka riƙa shiga in an matso kusa da gidanmu. Can babu gudu baya."

"Na sani. Wurin tsofaffi." Ya kama hannun Pettiford ya manna masa ɗigon a babban yatsa. "Ka kira Odom yau, kada ka bari sai gobe."

Ya rataya hular a hannu ya fita, yana ɗan jan ƙafar hagu.

Mai kula da kaya ya sauko da hular Tupola daga kan katakon ajiye kaya, sabuwa, ko ƙwarzane babu.

"Akwai sababbin ɗigo a aljihun tebur, Koci. Wannan gam ɗinsa ya mutu."

Pettiford ya manna tsohon a ƙeyar hular, ya danna da yatsa. Gefe ɗaya ya ɗago. Ya sake dannawa, ya sake ɗagowa.

"Sa masa sabo," ya ce.

Ya ciro wayarsa, ya nemo lambar Odom, ya nufi matakala.